Injiniya da Haƙorin da Ya Ƙi Saukowa

Babu makarantar da ta ba shi sunan Injiniya. Shi da kansa ya sayi fenti, ya taka benci, ya rubuta a saman ƙofar shagonsa, fentin ya ƙare kafin ya kai ƙarshe, ya cike sauran da baƙin mai. Tun mutanen layin masu sana'a suna kiransa da sunan don tsokana har bakinsu ya saba, aka manta da na yanka.

Gyaran keke ne aikinsa, kuma a faɗi gaskiya ya iya miƙe ƙafar keke. Ko mota ce ta take ta ta lanƙwashe kamar tsohon faranti, zai zauna da ɗan makullinsa na sifok, wato siraran wayoyin nan na cikin ƙafar, ya ɗaure nan ya sassauta can, har ta riƙa juyawa ba gargada. Inda aka sami matsala shi ne ya ɗauka duk duniya ƙafar keke ce. Ya taɓa gyara fankar maƙwabcinsa Tela, ta koma juyawa baya tana zuƙe ɗan iskar da ke shagon. Ya gyara agogon mai aski, agogon ya riƙa gudu har mai aski yana rufe shago rana tsaka yana yi wa mutane sai da safe. In an yi masa magana sai ya ce kayan ne na jabu.

Da shugaban ƙungiyar masu sana'ar layin ya tashi ya koma wata unguwa, sai aka ce za a yi zaɓe. Kujerar ba ta da albashi, amma shugaba shi ke magana da masu kwashe shara da masu wuta, shi ke ɗaukar maigadi, kuma shi kaɗai ake ba kujera mai hannu a wurin taro. Mutum biyu suka fito, Injiniya da Tela, waɗanda bango ɗaya ya raba shagunansu, kuma tun suna samari ba su taɓa wuni ba su zolayi juna ba.

Injiniya ya ce takara sai da hoto. Mai aski ya ba shi shawarar ya sauke gashin baki don fuska ta fito, mai hoto kuma ya ce ya yi murmushi har kunne. Da aka buga hoton da girman ƙofa aka manna a bakin layi, sai abin da gashin baki ya daɗe yana rufa wa asiri ya fito fili. Ɗaya daga cikin haƙoransa na gaba na sama gajere ne, ya maƙale can sama kusa da dasashi, ya ɗan yi duhu, 'yan'uwansa sun sauko sun bar shi kamar yaron da ke leƙe ta bayan manya.

Tela ya fito da tef a wuya, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce, "Mutumina, wannan ai Auta ne. Yayyensa sun girma sun bar shi."

"Dasashina ne ya yi ƙiba," in ji Injiniya.

"To shi Autan ya kai shekarun jefa ƙuri'a kuwa?"

Kafin azahar sunan ya zagaye layin. Mai sayar da taya in ya zo wucewa sai ya gaishe da Injiniya, sannan ya ce a gaida Auta. Wata mai gyaran gashi ta aiko da alawa ta ce a ba yaron. Da Injiniya ya koma gida ya ƙi cin abinci, matarsa ta ce maimakon ya zauna yana huci kamar famfon keke, gara ya shirya ta raka shi wurin likitar haƙori da ke bayan tashar mota.

Tun kafin ya zauna a kujerar likita ya fara aiki. Ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce tana neman giris, ya ce fitilar da ke sama ma an ɗaura ta a karkace. Likitar, wata mace mai haƙuri da tabarau a kan hanci, ta ce ta gode, ya buɗe baki. Ta juya ɗan madubinta ta riƙa ƙwanƙwasa haƙoran da gindinsa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya amsa da murya ƙasa-ƙasa kamar an buga ƙofar katako. Da ta zo kan Auta sai aka ji ƙal, kamar sifana ta faɗi a siminti. Injiniya ya yi ƙoƙarin cewa wannan shi ne haƙori na ainihi, amma yatsun likita na cikin bakinsa. Ta kama kowane haƙori ta ɗan girgiza, duk suka ɗan ba da kai kaɗan, ban da Auta.

Aka ɗauki hoton ƙashi. Ta nuna musu a allo yadda wani siririn layi ya zagaye saiwar kowane haƙori. Ta ce tantani ne mai taushi da ke tsakanin haƙori da ƙashin muƙamuƙi, shi ke riƙe shi, shi ke ba shi damar ɗan motsi, shi ya sa ma ake iya matsar da haƙora da waya. A jikin Auta layin ya ɓace. Saiwar da ƙashin sun haɗe sun zama abu ɗaya. Ta ce wani lokaci haƙoran yarinta ne ke yin haka, wani lokaci ciwo ne ke jawowa, wasu kuma gado suke yi, amma a haƙorin gaba yawanci bugu ne. Ta tambaye shi ko ya taɓa buguwa a baki yana yaro.

Injiniya ya gyara zama ya fara labarin wasu ɓarayi uku da ya tare shi kaɗai. Yana kan na biyu matarsa ta ce ita dai abin da yayarsa ta gaya mata shi ne, ya saki hannu a kan keke yana ɗaga wa 'yan mata hannu, ya je ya rungumi bayan motar yashi da ke tsaye, haƙorin ya nutse cikin dasashi. Injiniya ya ce ai ɓarayin ne suka ajiye motar.

Likita ta ce to shi ke nan. Bugun ya kashe tantanin, ƙashi ya kama saiwar. Shi Injiniya ya ci gaba da girma, muƙamuƙi ya sauko da sauran haƙora, wannan ya tsaya inda yake kamar ƙusa a bango. Tunda ba ya ciwo, ana iya barinsa a riƙa duba shi lokaci-lokaci. In tsawon ne ya dame shi, a zama ɗaya za ta ƙara masa wani farin abu a baki ya yi daidai da sauran. In kuma wata rana ƙashi ya cinye saiwar, sai a yi ƙaramar tiyata a cire a dasa na roba mai ƙarfe.

"Faci ke nan," in ji Injiniya. "Ni da nake yi wa mutane faci, ni za a yi wa faci a baki?" Ya nuna hoton wata yarinya a bango da waya a haƙora. Ya ce irin wannan yake so, a jawo Auta ƙasa.

"Malam, waya ba ta jan irin wannan haƙori," in ji likita. "In ka ɗaura igiya tsakanin bishiya da akuya ka ja, wa zai zo wurin wa?"

"Ya danganta da mai ja."

Ta bayyana masa cewa sauran haƙoran ne za su bi Auta, ba shi zai bi su ba. Ya yi mata murmushin tausayi, ya sauka daga kujera. A hanya ya gaya wa matarsa cewa yarinyar nan likita tana da ladabi, amma ba ta san waya ba. Shi da ya tsufa a cikin waya bai taɓa ganin ƙarfen da ya gagare shi ba, balle ɗan ƙashi. Matar ta ce Allah ya sa mu ji alheri, da irin muryar da ake faɗa wa wanda zai hau bishiyar da ba reshe.

Washegari ya rufe shago rabi, ya kafa madubin keke a kan benci. Ya yayyanka gwangwanin madara ƙanana-ƙanana, ya huda kowanne, ya sayo gam mai kamawa nan take don ya manna su a haƙora. Na farko ya zauna. A na biyu gam ɗin ya zarce, ɗan yatsansa ya manne da leɓen sama. Ya ja, leɓe ya biyo. Dole ya fito ya nufi gida da yatsa a kan baki, ido jawur. Duk shagon da ya wuce sai a yi tsit, don an ɗauka cewa yake a yi shiru. Mai sayar da taya ya kashe rediyo. Mai aski ya biyo shi da gudu-gudu yana tambayar wa ya rasu. Sai da matarsa ta yi ta gasa wurin da ruwan ɗumi da man girki sannan yatsan ya fita, ya tafi da rabin ɗan gashin bakin da ya fara tsirowa.

Bai daddara ba. A karo na biyu ya sa safar hannu, ya manne ƙarafan, ya zaro sili ɗaya daga wayar birki ya zura ta cikinsu, ya lanƙwasa ta yadda za ta dogara da haƙoran dama da hagu ta danno Auta ƙasa. Bakin wayar ya riƙa sukarsa a kumatu, sai ya toshe shi da kakin kyandir. Kakin kuma ba ya zama, da ya yi magana sai ya haɗiye. Matarsa ta fara zargin ɓera da cinye mata kyandir, har ta sayo tarko.

Tauna ta gagara. Ya koma burodin da aka jiƙa a shayi da ayabar da aka dama da cokali. Ya ce wa mutane horon takara ne, shugaba ba ya tara tumbi. Tela ya riƙa zama a ƙofar shago da rake, yana ɓantara da ƙarfi, yana miƙo masa yana cewa bismilla.

Amma sai ga abin mamaki. Kullum da safe Injiniya yana auna tazarar da ke tsakanin bakin Auta da na maƙwabtansa da tsinken ashana, kuma tazarar ta fara raguwa. Da farko kaurin tsinke biyu ce, ta koma ɗaya da rabi, ta koma ɗaya. Daga nan layin bai ƙara samun sakat ba. Ya riƙa bi shago-shago yana buɗe wa mutane baki, har da mai sayar da abinci da ta roƙe shi ya bari sai baƙinta sun gama ci. Ya ce da likita da na'urarta da allonta duk wayar birki ta kayar da su. Ya ƙara layi a jikin allon shago, cewa ana gyaran keke da haƙori.

Tela ya sa shi ya buɗe, ya karkata kai ya duba da ido ɗaya kamar mai duba kalmasa. Ya ce, "In ƙafar wando ɗaya ta yi gajarta, akwai mai ƙara mata tsawo, akwai kuma mai rage ɗayar. Ni dai ban ga Auta ya sauko ba. Yayyen nasa na ga suna hawa."

"Hassada ga mai rabo taki."

"To Allah ya ba da damina."

Mai aski ne ya fara kawo kansa. Yana da wushirya, ya ce tana tara masa tsokar nama, yana so a rufe. Injiniya ya yanko siririyar roba daga tsohon tub ya ɗaure masa haƙoran biyu tamau. Kwana kaɗan leɓen mai aski ya kumbura ya yi sheƙi, masu zuwa aski suna gani suna juyawa. Matarsa ta zo shagon Injiniya da mayafi a ɗamare, ta ce ita don wushiryar nan ta aure shi, don in ban da ita babu abin kallo a fuskarsa, kuma in ta ɓace Injiniya zai biya ta da tasa fuskar. A gabansa ta sa almakashin mijin ta datse robar. Injiniya ya ce marar haƙuri ba ya ganin ƙarshen magani.

Sai kuma fito ya fara. Haƙoran da ke gefen Auta sun hau sun karkato kansa kamar masu yi masa raɗa, aka sami kafa tsakanin na sama da na ƙasa, ko ya rufe baki ba sa haɗuwa. Duk kalmar da ke da sin sai ta fito da fito mai kaifi. In ya ce sannu, karen maigadi ya taso yana kaɗa wutsiya. In ya ce sai an jima, masu haya da babur biyu su ci birki a ƙofar shagon suna tambayar ina za a kai shi. Ranar da ya leƙa yana yi wa wani cinikin sarƙar keke, matasan da ke ƙwallo a fili suka tsayar da wasa aka fara gardamar wa ya yi laifi. Shayi ma in ya kurɓa, rabi ke dawowa kan riga.

Wata safiya matarsa ta ga jini a rigar filo. Ta sa shi ya buɗe baki, ta taɓa haƙorin da ke dama da Auta da ɗan yatsa, ya yi lilo kamar ƙofar da ƙusarta ta fita. A nan wasa ya fita daga muryarta.

"Baban yara, ka ji tsoron Allah ka cire wayar nan. Kujera mai hannu ba ta tauna wa mutum abinci."

Ya ce girgiza alamar aiki ce, ƙafar keke ma sai ta yi sako-sako kafin ta miƙe. Ta je ita kaɗai ta gaya wa likita. Likita ta ce a kawo shi yau-yau, ta ba ta lambar waya, ta ce ko me ya faru a kira ta. Injiniya ya ce sai bayan zaɓe, zai je da kansa ya ba ta darasi kyauta. Da ya ga ranar ta matso kuma tazarar saura ɗan ƙiris, sai ya ƙara dabara. Ya ɗauko ɗan kan sifok da ake murɗawa ya haɗa bakunan wayar biyu da shi a gefen baki, yadda zai riƙa ɗaurewa da makulli. Daga nan in kana magana da shi sai ka ga ya zaro makulli daga aljihu, ya zura a kumatu, ya murɗa, hawaye ya cika idonsa, ya ce ka ci gaba yana ji.

Ranar zaɓe aka kafa rumfa a harabar wani tsohon sito, aka jera kujerun roba, aka ɗauko lasifika haya. Wanda aka ɗora wa kula da zaɓen mai walda ne, dattijon da ba a taɓa ganin dariyarsa ba, baƙin gilashinsa kullum a goshi. Ya kawo manyan gwangwanayen fenti biyu, kowanne da hoton ɗan takara, ya huda marfin ya sa mazurari, ya garƙame da kwado, ya ajiye su a ƙasa gaban teburin taro. Kowane ɗan ƙungiya aka ba shi marfin kwalba ɗaya ya jefa wa wanda yake so. Kafin a fara, Injiniya ya miƙe ya ce ya san halin teloli da sauya aljihu, don haka a kafa doka: ko gobara ce ta tashi ba a buɗe gwangwani sai mutum na ƙarshe ya jefa, kuma ban da marfin kwalba ba a zuba komai ciki. Aka amince. Mai walda ya sa makullan a aljihu ya sa maɓalli.

Tela ya yi magana gajera a kan kwata da ta toshe da maigadin da ke barci. Aka tafa. Injiniya ya karɓi abin magana, ya buɗe kafaɗa, ya ce, "Sannunku 'yan'uwana masu sana'a."

Lasifikar ta ɗauki fiton nan ta ninka shi. Mutane suka toshe kunne, jariri ya tsala kuka, karen maigadi ya shigo a guje ya zauna gaban teburin yana jiran umarni. Ya sake gwadawa da maganar samar da tsaro da tsabta, abin ya fi na farko muni. Wani daga baya ya ce a ba shi jan kati ya huta. Da ya ga jawabi ba zai yiwu ba, sai ya ajiye takarda ya ce shi ba mutumin surutu ba ne, mutumin aiki ne. Wanda ya sauko da haƙorin da likita ta ce ba ya saukowa, kuɗin wuta ne zai gagare shi saukarwa? Yau a gaban kowa zai cire waya a ga aiki.

Matarsa da ke tsaye a bakin rumfa ta girgiza masa kai. Ya nemi mai aski ya riƙe masa madubi, mai aski ya dubi tasa matar da ke gefensa, ya ce hannunsa na ciwo. Injiniya ya ce ba komai, gwani ba ya bukatar madubi. Ya zaro filaya ya datse wayar a gefen hagu. Gefen dama ya ƙi fita, gam ya riƙe. Ya ja a hankali, shiru. Jama'a suka fara ƙus-ƙus. Ya ga Tela yana murmushi, sai ya dafe teburi da hannu ɗaya, ya fizga da ƙarfin da yake cire feda mai tsatsa.

Wayar ta fito. Tare da ita haƙorin dama ya fito, lafiyayye, dogo, har saiwa. Ya suɓuce daga jikin wayar, ya daki abin magana, lasifika ta ce dum, ya faɗo kan teburi, ya yi tsalle biyu, ya gangara cikin mazurarin gwangwanin Tela. Kowa ya ji saukarsa.

Tela ya ce, "Na gode. An buɗe da na cikin gida."

Rumfar ta kusa faɗuwa. Mai sayar da taya ya sulale daga kujera yana riƙe da ciki. Injiniya ya tsaya da filaya a hannu, jini na bin haɓarsa, ga wawakeken giɓi, ga Auta a gefensa yana nan inda yake tun shekarun motar yashi.

Matarsa ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta tura masa hankici a baki ta ce ya cije, ta kira likita. Likita ta ce a ɗauki haƙorin ta wajen kansa, kada a taɓa saiwar, a tsoma shi a madara a kawo da sauri, don in ya bushe tantanin jikinsa zai mutu. Matar ta je wurin mai walda ta ce ya buɗe gwangwani. Mai walda ya ce doka ta ce ko gobara. Ta ruga kanti ta sayo madara ta ce to bari ta zuba ta mazurarin. Tela ya ce gwangwaninsa ne kuma ya yafe. Mai walda ya tare mazurarin da tafin hannu ya ce ban da marfin kwalba ba a zuba komai, wanda ya kawo dokar ga shi nan tsaye, in za a yi maguɗi ne ba da shi ba.

Aka juya ga Injiniya ko zai janye dokar ko takarar. Ya cire hankici ya ce shi bai taɓa janyewa ba a rayuwarsa, kuma a lura, ƙuri'ar da ta shiga gwangwanin Tela ta sata ce. Matarsa ta mayar masa da hankicin da ɗan ƙarfi.

Haka aka yi layi. Layin kuma ya ƙi sauri, don duk wanda ya zo gaban gwangwanin sai ya leƙa mazurari ya gaida na ciki. Wata tsohuwa mai sayar da zare ta ɓatar da marfinta aka tsaya nema. Sai da rana ta karkata mai walda ya ciro makulli ya zazzage gwangwanayen a teburi. Na Tela ya yi tsibi. Na Injiniya bai rufe tafin hannu ba. Mai walda ya tsinto haƙorin daga cikin marafan, ya ɗaga sama, ya sanar ba tare da ko murmushi ba cewa wannan ƙuri'a ta lalace, domin wanda ya jefa kansa ba ɗan ƙungiya ba ne. Sannan ya jefa shi a kofin madara.

Likita ba ta yi faɗa ba. Ta duba haƙorin, ta ce ya daɗe a bushe kuma marafan kwalba sun kankare saiwar. Za ta wanke ta mayar da shi, amma ya sani tantaninsa ya mutu, mai yiwuwa shi ma ƙashi zai kama shi kamar maƙwabcinsa. Tunda ya gama girma ba za a bar shi a baya ba, zai iya yi masa aiki na wasu shekaru kafin a yi maganar dashe. Sauran ukun da ya jijjiga sai an yi addu'a an ba su hutu. Ta kankare gam da guntayen gwangwani, ta yi allura, ta mayar da haƙorin, ta ɗaure su duka da wata siririyar waya mai laushi ta ciki da farin abin mannewa. Ta ce ban da tauna abu mai tauri, ban da taɓawa, ban da makulli kowane iri.

A hanyar gida ya tsaya gaban gilashin wata mota ya ɗaga leɓe ya daɗe yana dubawa. Ya ce wa matarsa aikinsa likitar ta kwaikwaya, ba ta ko ji kunya ba, sai dai ɗaurin ya yi sako-sako. Matar ta wuce shagon, ta tattara filaya da makullan sifok da gam da duk wata waya da ta fi gashi kauri, ta ƙulle a akwatin kayanta. Daga ranar in keke ya zo gyara sai ya aika gida a karɓo abin aiki, ita kuma sai ta leƙo ta ga keken da idonta.

Ya yi kwanaki yana zaune lafiya. Ya gaya wa masu tambaya cewa shi ya bar wa Tela kujerar saboda zumunci. Sannan wata rana da hantsi aka gan shi ya tsallaka titi, hannu a baya, ya shiga shagon mai walda. Ya gaishe shi, ya yaba yadda ya riƙe zaɓe, ya ɗan zagaya yana taɓa kaya. Can ya rage murya ya tambaya ko injin nan yana da ƙaramin baki, irin wanda zai shiga wuri matsattse, aikin minti biyu ne kawai.

Mai walda ya dube shi, ya dubi bakinsa, ya sauke baƙin gilashi kan idonsa. Ya ce ai tun safe aka ɗauke wuta. A saman kansu fanka na ta juyawa.